Tafiyar ƙafa a tsaunukan Sierra Nevada: tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi, da amsoshinsu

Da zarar watan Mayu ya kama sai tambayoyi su fara shigowa. Wasu ɗalibai ne a Amurka, wasu aiki ya kawo su, wasu kuma suna gida ne, sun ga hotunan tafkuna masu ruwa garau a tsakanin fararen duwatsu, suna son su ji ko da gaske ɗan Adam na kaiwa can da ƙafarsa. Ana kaiwa, kuma ina so namu su riƙa zuwa. Amma ina so duk wanda ya tafi ya dawo, shi ya sa na tattara amsoshin a wuri guda.

Ina ne wannan wuri, kuma me ake nufi da cewa daji ne da doka ta keɓe?

Sierra Nevada jerin tsaunuka ne a gabashin jihar Kalifoniya, tsawonsu daga arewa zuwa kudu ya kai kamar kilomita 640. Sunan na harshen Sifaniyanci ne, ma'anarsa tsaunuka masu dusar ƙanƙara. A cikinsu akwai manyan gandun daji uku, Yosemite da Kings Canyon da Sequoia, kuma a nan dutsen Whitney yake, mai tsayin mita 4,421, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Amurka in aka cire jihar Alaska.

A shekarar 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a wata doka da ta ba da damar a keɓe yankuna a bar su yadda Allah ya halicce su. Ba titi, ba mota, ba babur, ko keke ba a yarda ya shiga ba. Ƙafa ce ko doki ko alfadari. Mafi yawan ƙasar da ke saman Sierra tana ƙarƙashin wannan doka. Kada kalmar daji ta sa ka hango kurmi mai duhu. Da ka haura mita 3,300 ko makamancin haka bishiyoyi sai su gajarce, su karkace, daga baya su ƙare gaba ɗaya. Abin da ya rage sai dutse, da gajeriyar ciyawa, da tafkuna, da ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba ko a watan Agusta.

Mene ne bambancin tafiyar yini da ta kwana?

Ta yini, ka ajiye mota a bakin hanya da sassafe, ka shiga da 'yar jakarka, ka fito kafin duhu. Ta kwana, gidanka na bayanka: tanti, shimfiɗa, abinci, risho, duk a jakar goyo. Na fi son ta kwana, domin tsaunin da ka gani da azahar ba shi ne wanda za ka gani da asuba ba. Amma kada ka ɗauka ta yini wasa ce. Mai tafiyar yini ne dare kan riska ba riga ba tocila, saboda ya fito da tunanin yanzu zai dawo.

Wane lokaci ya fi?

Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba. Kafin nan ƙanƙara na rufe mashigan tsaunuka, rafuka kuma na tumbatsa. Kowace shekara da nata: a 2023, da aka yi dusar ƙanƙara mai yawan gaske, titin Tioga da ke ratsa saman Yosemite bai buɗe ba sai cikin watan Yuli, alhali sau da yawa tun ƙarshen Mayu ko Yuni ake buɗe shi. Yuli watan furanni ne, kuma watan sauro. Sauron nan ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro, amma yawansa a bakin tafki da yamma sai wanda ya gani. Ka sayi 'yar ragar da ake rufe fuska da ita. Satumba ba sauro, mutane sun ragu, amma dare ya yi sanyi ƙwarai, kuma lokaci ne da hayaƙin gobarar daji kan lulluɓe sararin. A Satumbar 2020 sai da jiragen sama masu saukar ungulu suka kwashe mutane fiye da 200 da wuta ta rutsa da su a wajen tafkin Mammoth Pool.

Ina da ƙarfi, ina buga ƙwallo duk mako. Tsayin zai dame ni?

Zai iya, kuma ƙarfinka ba ya cikin lissafin. Wannan ita ce amsar da na fi so a karanta da kyau.

Ka kwatanta. Kano tana kamar mita 480 a kan teku. Jos, da muke kira gari mai sanyi, tana wajen 1,200. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. To filin ajiye motoci inda ake fara hawan Whitney yana mita 2,550. Wato kafin ka ɗaga ƙafa, ka riga ka wuce saman Nijeriya gaba ɗaya. A ƙololuwar kuwa, kowane numfashi da ka ja yana shigo maka da kamar kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar oksijin da kake samu a bakin teku.

Daga mita 2,500 ciwon tsauni kan fara: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri, barci a tsattsage. Yana kama ƙaƙƙarfa yana kama rago, kuma sau da yawa ƙaƙƙarfan ne yake fi wahala, saboda yana hawa da sauri fiye da yadda jini zai saba. Maganinsa lokaci ne. Ka kwana ɗaya ko biyu a wuri mai tsayin mita 2,400 zuwa 3,000 kafin ka haura, garin Mammoth Lakes misali, ko sansanonin da ke bakin hanyoyin. Bayan ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Sannu ba ta hana zuwa. Akwai ƙwaya mai suna acetazolamide da likita kan rubuta don taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta, ba abokin tafiya ba.

Ciwon kai kaɗai, ka tsaya inda kake, ka sha ruwa, ka huta, kada ka ƙara hawa sai ya tafi. Amma akwai alamu guda biyu da ba a jira da su. Na farko, mutum yana haki alhali a zaune yake, yana tari mai kumfa, ƙirjinsa na ƙara: ruwa ne ya taru a huhu. Na biyu, yana tangaɗi kamar wanda ya bugu, maganarsa ta rikice, ya kasa taka layi miƙe: ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Duka biyun suna kisa cikin sa'o'i. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi a fili. Wanda abin ya kama shi ne zai fi kowa cewa lafiyarsa ƙalau, don haka tun a gida ku yi alkawari tsakaninku cewa maganar abokan tafiya ce za a bi.

Ina da AS. Ƙanena kuma sikila ne, SS. Za mu iya zuwa?

Wannan tambaya ta fi shafar mu fiye da yawancin waɗanda za ka haɗu da su a kan hanya, domin jinin sikila ya yawaita a ƙasar Hausa, kuma littattafan jagora na can ba su cika tsayawa a kansa ba. Ƙarancin oksijin, da bushewar jiki, da sanyi, da aikin wahala, su ne ainihin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe jijiyoyi, kuma tsauni ya haɗa su huɗun a wuri guda.

Mai SS, gaskiya ban ba shi shawarar hawa sama ba. Akwai wurare masu kyau a ƙasa, kwarin Yosemite kansa yana kamar mita 1,200 ne, kuma ko shi sai da izinin likitansa. Mai AS yawanci yana rayuwarsa ba tare da wata matsala ba, da yawa kuma sun hau sun sauko lafiya, amma likitoci sun san cewa a kan tsauni jini kan toshe wa mai AS a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu. In ka ji haka kada ka ce kartar ciki ce ko gajiya. Ka sauko, ka nemi asibiti, ka faɗa musu kai AS ne. In kuma ba ka san ko kai AA ne ko AS ba, ka yi gwaji kafin ka sayi takalmi.

Sai da izini ake shiga?

Yawancin tafiye-tafiyen yini ba sa buƙatar komai ban da kuɗin shiga gandun. Amma duk wanda zai kwana a ciki sai ya riƙe takardar izini, kuma kowace hanya tana da adadin mutanen da ake bari su shiga a rana. Ana nema a shafin intanet na recreation.gov. A Yosemite ana raba kashi 60 cikin 100 ta hanyar ƙuri'a makonni 24 kafin ranar tafiya, sauran a sake su saura mako guda. A gandun Inyo da ke gefen gabas ana buɗewa wata shida kafin ranar.

Wurare biyu ko da yini ɗaya ne sai da izini: Half Dome, wani ƙaton dutse mai siffar rabin ƙwarya a Yosemite, inda ake barin mutum 300 a rana, ƙuri'arsa a watan Maris, da Whitney, inda ake barin masu yini 100 da masu kwana 60, ƙuri'arsa ta fara ranar 1 ga Fabrairu. Ƙa'idojin kan canza, ka duba na shekararka. Kada ka yi satar shiga. Ma'aikatan gandun suna yawo a ciki suna duba takarda, kuma ƙayyade adadin ne ya sa har yau za ka kwana a bakin tafki ba ka jin muryar kowa.

Wace hanya ce ta dace da mai farawa? Ni Half Dome nake so.

Kowa Half Dome yake so, saboda hotonsa. Tafiya ce ta kilomita 23 zuwa 26 zuwa da dawowa, da hawan kusan mita 1,460, sa'o'i goma zuwa sha biyu. Mita 120 na ƙarshe a kan santsin dutse ake yin su, kana riƙe da igiyoyin ƙarfe biyu, mutane a gabanka mutane a bayanka. In dutsen ya jiƙe ko hadari ya haɗu, ba a hawa, an rasa rayuka a daidai wurin. Ba da ita ake farawa ba.

Whitney ma haka: kilomita 35 zuwa da dawowa, hawan kamar mita 1,860. Hanyar a share take, ba a buƙatar igiya in ƙanƙara ta narke, amma akwai wani gangare mai lanƙwasa kusan ɗari, kuma masu yin ta a yini kan tashi tun ƙarfe biyu ko uku na dare da tocila a goshi.

Mai farawa ya gwada hanyar da ke haurawa gefen magangarar ruwa ta Vernal a kwarin Yosemite, wajen kilomita 4 zuwa da dawowa, da matakalar dutse fiye da 600 da feshin ruwa ke jiƙawa. A sama akwai shingen ƙarfe. Kada ka tsallake shi don hoto, a 2011 ruwa ya tafi da mutum uku da suka tsallaka. Daga nan sai tafkunan Cathedral daga Tuolumne Meadows, wani fili a bakin titin Tioga a saman Yosemite. Wanda ya ƙware kuma yana son kwana huɗu ko biyar, zagayen tafkunan Rae a Kings Canyon, kilomita 66, yana cikin mafi kyau da na sani.

Ita kuma hanyar John Muir da ake ta magana?

Ita ce uwar hanyoyin wurin. Ta tashi daga kwarin Yosemite ta ƙare a ƙololuwar Whitney, kilomita 340, sannan ka ƙara kamar 17 na saukowa zuwa inda mota take. Yawanci makonni uku ake yi. An fara gina ta a 1915, shekara guda bayan rasuwar John Muir, ɗan asalin Sikotilan da ya yi fafutukar kare waɗannan tsaunuka, aka kammala a 1938. Tana ƙetare mashigai masu tsayi ɗaya bayan ɗaya, mafi tsayinsu Forester, ya ɗan haura mita 4,000. A mashigin Muir akwai wata bukkar dutse da aka gina a 1930 don mafaka.

Wahalarta abinci ce. A rabin arewa akwai wuraren da za ka aika guzuri ta gidan waya ya jira ka, kamar Tuolumne Meadows da Red's Meadow da Muir Trail Ranch. Daga na ƙarshen nan zuwa Whitney kuwa, fiye da kilomita 160, babu komai a kan hanya, sai dai ka ratse ta mashigin Kearsarge ka sauka gari ka dawo.

Wane kaya zan sa, me zan ɗauka?

Ka bar auduga a gida. Shadda, yadi, wandon jins, singiletin auduga, duk suna shan gumi su riƙe shi, iska ta buga, sanyi ya shiga ƙashi. Ana sa kaya hawa-hawa ne: ta ciki mai saurin bushewa, ta ulu ko makamanciyarta a kai, rigar sanyi mai kauri don dare, da rigar ruwa ko da sama tas take. Zafi na raguwa da kamar digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka ana iya ƙuna a garin Lone Pine a gindin tsauni, kai kuma ka wayi gari ruwan gorarka ya daskare. Wanda ya san sanyin hunturu na Jos ko na Agadas ya san somin-taɓi ne kawai.

Takalmi ka saye shi da wuri ka yi makonni kana yawo da shi, sabon takalmi shi ke kawo bororo. Safa ta ulu, biyu ko uku. Hula mai faɗi, tabarau mai duhu, da man kare fata daga rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, iskar ta yi siriri, ƙanƙara kuma tana mayar da hasken cikin ido. Leɓe da hanci su ke fara tsagewa. Sai tocilar goshi, taswirar takarda, kamfas, ashana, da 'yan magunguna. Mai kwana ya ƙara tanti mara nauyi, jakar barci da ke jure sanyin ƙasa da sifiri, da shimfiɗar da ke raba jiki da sanyin ƙasa. Duka jakar kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka.

Abinci fa? Na ji busasshen abincinsu akwai naman alade.

Wasu akwai, ka karanta jikin leda, ko ka ɗauki na ganye da wake. Amma mu ba baƙin guzuri ba ne. Garin rogo da sukari da madarar gari da gyaɗa abinci ne na tsauni na gaske, ba nauyi, ba dahuwa. Dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kuskus, taliyar indomi, kifin leda, ganyen shayi. Kilishi ya dace ƙwarai, sai dai jami'an kwastan na Amurka ba sa bari a shigo da nama daga gida, ka nemi wanda aka yi a can. Shinkafa da wake ka manta da su: a mita 3,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 90, sai gas ɗinka ya ƙare wake bai nuna ba. Ka lissafa kamar giram 700 zuwa 900 na busasshen abinci a rana. Tsauni na kashe sha'awar ci, ka ci ko ba ka so.

Ruwan rafin ana sha?

Ana sha bayan an tace ko an tafasa ko an jefa ƙwayar tsarkakewa. Ko ya kai hawaye haske yana iya ɗauke da ƙwayar giardia mai kawo zawo, wadda ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya ko biyu. Lita uku zuwa huɗu a rana. Iskar a bushe take kamar ta hunturu, kana rasa ruwa ba ka ga gumi ba.

Maganar beyar gaskiya ce?

Gaskiya ce, akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, amma ba kai take nema ba, abincinka take nema. Manyan beyar masu faɗa, waɗanda ake kira grizzly, sun ƙare a Kalifoniya tun shekarun 1920. Waɗanda suka rage ana kiransu baƙaƙe, ko da yake da yawansu ruwan ƙasa ne, kuma yawanci gudun mutum suke yi. Doka ta wajabta a Yosemite da mafi yawan hanyar John Muir ka zuba abinci a wani tulun roba mai tauri da ba ta iya buɗewa. Ana bayar da hayarsa a ofisoshin izini. Duk abin da ke da ƙamshi ciki zai shiga: man goge baki, sabulu, man shafawa, shara, da turare. Turaren nan namu dai gara a bar shi a gida. Da dare ka rufe tulun ka ajiye shi a ƙasa nesa da tanti, ba a bakin gangare ko rafi ba. In ta shigo sansani, ku taru ku yi ihu ku buga tukwane, kada ku gudu, kada ku shiga tsakaninta da 'ya'yanta. Feshin barkono na korar beyar haramun ne a Yosemite. Beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne, don haka tulun nan ita yake karewa kamar yadda yake kare guzurinka.

To in ba dabbobi ba, mene ne haɗarin gaske?

Faɗuwa, ruwa, tsawa, da sanyi. A Yuli da Agusta sama kan wayi gari tas, da hantsi gajimare ya fara taruwa, da azahar aradu ta fara sauka a kan ƙololuwa. Shi ya sa ake sammako a ƙetare mashigi kafin tsakar rana. In ka ji tsawa kana sama, ka sauka, ka nisanci tsirin dutse da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. 'Yar bukkar da ke saman Whitney ba mafakar tsawa ba ce.

Rafi kuwa ya fi yaudara. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, cikin 'yan daƙiƙu ƙafa ta mutu. A 2017, shekarar ƙanƙara mai yawa, matafiya biyu mata sun nutse a rafukan Sierra. Ka ƙetare da safe kafin rana ta ƙara narkar da ƙanƙara, ka nemi inda ya yi faɗi ya lafa, ka kwance maɗaurin jaka na ƙugu, ka bar takalmi a ƙafarka, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa. In ya haura cinya yana gudu, ka koma.

Kafin ku tashi ku yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe ɗaya na rana, ko an kai ko ba a kai ba. Na taɓa juyawa ana hango ƙololuwa saboda abokin tafiyata ya fara amai, kuma bayan sa'a guda hadari ya rufe inda muka nufa. Mutum ya ci ƙuri'a da ƙyar, ya yi tafiyar sa'o'i a mota, zuciya sai ta ce saura kaɗan. A irin wannan wuri ne ake cewa tsoro na daji, kunya na gida.

Yaya sallah da tsarki da bayan gida?

Alƙibla daga Kalifoniya arewa maso gabas take, ta fi kusa da arewa, kamfas ɗinka ya isa. Wanda ya taso daga San Francisco ko Los Angeles ya riga ya wuce nisan ƙasaru, kamar kilomita 80 a wajen malamanmu na Malikiyya. Bayanin haɗa salloli da taimama a kan dutse lokacin da ruwan sanyi zai cutar, ka zauna da malaminka kafin ka tafi. Ni nakan ɗan ɗumama ruwan alwalar asuba a risho. Sallar asuba a bakin tafki, taurari ba su gama ɓacewa ba, tana cikin abin da ke mayar da ni can kowace shekara.

Bayan gida, ka yi nisa da ruwa da hanya, taku saba'in ko fiye, ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka gama ka rufe. Gorar roba ta maye gurbin buta. Ka ɗebo ruwan ka tafi da shi can, kada ka yi tsarki ko wanka da sabulu a cikin rafi, wani na ƙasa yana sha. Takarda in ka yi amfani da ita a leda za ka fito da ita. A yankin Whitney ma bayan gidan kansa a wata leda ta musamman ake yi a sauko da shi, domin dutse ne zalla da sanyi, ba abin da ke ruɓewa. Abin da wuya a ji, amma dubban mutane ke bin hanyar a shekara.

Ni mace ce mai hijabi. Ana ganin irinmu a can?

Ba mu da yawa, ba zan ɓoye ba, amma al'adar hanya ita ce gaisuwa da tambayar yaya gaba take. Hijabi mara auduga mai saurin bushewa da dogon wando da riga mai dogon hannu su ne ma abin da rana da sauro ke buƙata. Doguwar riga mai jan ƙasa ce kawai ke da haɗari a kan matakala. Ki tafi cikin ayari, kamar yadda nake gaya wa maza ma.

Kuma kada wani ya ji shi baƙo ne a wurin. Tun kafin John Muir, 'yan asalin ƙasar, Paiute da Mono da Miwok, suna ratsa waɗannan mashigai suna fatauci, an kuma kori mutanen kwarin Yosemite da ƙarfin bindiga a 1851. Sojoji baƙar fata ne suka yi gadin Yosemite da Sequoia a 1899 da 1903 da 1904, kuma a 1903 wani hafsa baƙar fata, Charles Young, shi ya riƙe shugabancin gandun Sequoia.

Waya na aiki? Ana hura wuta?

Sabis babu a mafi yawan wurare. Ka sauke taswira a waya tun a gari, ka riƙe ta takarda, in da hali ka ɗauki na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ka bar wa wani a gida sunan hanyar da ranar fitowarka da lokacin da zai kira hukuma in bai ji ka ba. Ceto na iya ɗaukar yini ko fiye.

Wuta an hana ta a sama da kamar mita 2,900 a Yosemite da wajen 3,000 a Kings Canyon, saboda itacen wurin ƙalilan ne kuma a hankali yake girma. A shekarun fari akan hana ko'ina. Risho ɗan ƙarami na gas ya wadatar.

In zan fara a bana, ina zan dosa?

Ka bi babban titi mai lamba 395 zuwa tsakanin Bishop da Mammoth Lakes, ka kwana biyu a can, sannan ka hau titin Rock Creek har ƙarshensa, wurin da ake kira Mosquito Flat, mita 3,100. Daga nan kwarin Little Lakes ya fara. Hanyar kusan a shimfiɗe take, tafki na bin tafki, tsaunuka masu haura mita 4,000 sun kewaye ka, kuma duk inda ka ji kanka ya fara sarawa mota ba ta da nisa. Ka yi ta a yini tukuna. In jikinka ya karɓa, ka nemi izinin kwana ɗaya, ka kafa tanti a kan tsakuwa ko dutse nesa da bakin ruwa, ba a kan ciyawa ba, ka sa rigar sanyinka tun kafin rana ta faɗa bayan tsauni.